BABI NA UKU: DELE JEGEDE, MAI ZANEN BARKWANCI DA ZANEN FENTI

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin kawo tarihin Dele Jegede, ɗaya daga cikin masu zanen da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta yaye. Manufa ita ce a nuna cewa zanen barkwancin da ya yi wa jarida da zanen fentin da ya baje a zaurukan nuni aiki ɗaya suka yi, wato faɗa wa masu mulki gaskiya da kuma nuna halin da talaka ke ciki.

3.1 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Dele Jegede a garin Ikere-Ekiti cikin ƙasar Yarabawa a shekarar 1945. Neman ilimi ne ya kawo shi Arewa, inda ya shiga Sashen Zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma kammala a 1973 da digiri mai daraja ta ɗaya.

Sashen da ya shiga yana da tarihi. Tun a 1958, lokacin makarantar tana kwaleji, wasu ɗalibai da suka haɗa da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Ra'ayinsu shi ne a ɗauki dabarun Turawa a gwama su da fasahar gida, maimakon a riƙa kwaikwayo ido rufe. Wannan tafarki ne Jegede ya tarar, shi ne kuma ya bi.

3.2 Aikin Jarida

Daga 1974 zuwa 1977 Jegede ya riƙe muƙamin editan zane-zane a kamfanin jaridar Daily Times da ke Legas. Ya yi fice da zanen nan mai suna Kole the Menace, inda yake amfani da raha wajen tona halayen manya.

Wannan aiki yana da haɗari. A 1975 gwamnatin soja ta karɓi kashi 60 cikin ɗari na hannun jarin Daily Times, ke nan mai zane yana sukar wanda ke biyan sa albashi. Daga baya kuma Doka ta 4 ta 1984 ta kai 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, gidan yari. A irin wannan yanayi zane ya fi rubutu mafaka, domin zance ne cikin habaici. Haka kuma bai buƙatar dogon Turanci. Ko manomi daga ƙauyukan Bici ya ga hoton mai ƙaton tumbi kusa da ramammen talaka, ya san inda aka dosa.

3.3 Koyarwa da Zanen Fenti

A 1977 ya koma Jami'ar Legas, sannan ya sami digiri na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1983. Ya shugabanci Ƙungiyar Masu Zane ta Nijeriya daga 1989, kafin ya koma koyarwa a Amurka a 1993.

Koyarwa ba ta raba shi da fenti ba. A nuninsa na 1991 mai suna Eko Re E ya zana rayuwar talakawan Legas. A 2016 kuma ya waiwayi Arewa, inda ya baje zane-zane a Legas kan ta'asar Boko Haram da 'yan gudun hijira.

3.4 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa kayan aiki ne kawai suka bambanta, alƙalami a jarida, burushi a kan allo, amma saƙon bai sauya ba. Babi na gaba zai dubi zaɓaɓɓun zane-zanensa ɗaya bayan ɗaya.