Daga Faifan Garmaho Zuwa Sifikar Waya: Yadda Mastarin Ɗin Waƙa Ya Samo Asali



Makon jiya wani yaro mawaƙi ya kawo min waya shago, wai sifika ta fashe in canza masa. Na kunna karatu, fes. Na kunna wata waƙar, fes. Sai da na sa tasa sabuwar da ya karɓo daga sitidiyo na ji tana tsatsatsa kamar ana yaga leda. Sifika lafiyarta ƙalau. Waƙar ce aka matse wajen mastarin har ta fashe, kuma kuɗinsa ya biya aka yi masa haka.

Mastarin shi ne gyaran ƙarshe, bayan an gama miksin, wato haɗa murya da kiɗa. A da babu wannan sana'ar, kai tsaye ake sassaƙa sauti a jikin faifai yayin da mawaƙi ke rerawa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu fasahar tef ta Jamusawa ta isa Amurka, kamfanin Ampex ya fito da na'urarsa a 1948. Daga nan aka samu mutum na musamman mai kwafe abin da ke tef zuwa uwar faifai, wadda da ita ake buga sauran. Aikinsa bai wuce faɗa da allura ba. Bes ya yi yawa, allura ta yi tsalle. Ƙara ta yi yawa, layukan faifai su ci wuri, mintuna su ragu. Kowane kamfani da nasa ma'aunin, sai a 1954 ƙungiyar RIAA ta tsayar da guda: a rage bes wajen sassaƙa, na'urar mai sauraro ta mayar da shi. Ka ga tun asali aikin shi ne daidaita waƙa da abin da za a ji ta a kai.

Gasar ƙara ma tsohuwa ce. Kamfanin Motown na Detroit ya yi suna da ƙananan faifai masu ƙara, don waƙarsu ta danne ta wasu a rediyo. Amma allura tana taka musu burki.

CD ne ya cire burkin. Sony da Philips suka kawo shi a 1982, babu allura, sai dai akwai rufi da sauti ba ya wucewa, 0 dB. A shekarun 1990 aka samu limita ta kwamfuta mai danne wuraren da kiɗa ya yi tsini, sannan a ɗaga waƙar gaba ɗaya ta manne da rufin. Kowa na tsoron kada tasa ta fi ta wani sanyi, aka yi ta matsewa. Abin ya kai maƙura a 2008 da kundin Death Magnetic na Metallica. Masoyansu da kansu suka yi ca, har suka gano cewa waƙoƙin da ke cikin gem ɗin Guitar Hero sun fi na CD daɗin ji, saboda ba a matse su haka ba. Ka ji fa, gem ya fi faifan da aka saya!

Maganin ya fito ne daga masu watsa shirye-shirye. A 2010 ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta fitar da ƙa'idar R128, mai aiki da LUFS, ma'aunin da ke auna ƙara yadda kunne ke jin ta. Yau Spotify na daidaita waƙoƙi a wajen -14 LUFS, YouTube ma kusan haka. Ma'ana in an matse taka ta yi ƙara sosai, su za su rage ta da kansu. Ƙarar ta tafi, fashewar ta zauna, ganga kuma ba ta da duka. Asara biyu kenan.

A 2014 kamfanin LANDR na Kanada ya kawo mastarin na kwamfuta zalla, ka loda waƙa, cikin mintuna ta fito. Ni a ganina ya isa gwaji, kuma ya fi mugun hannu. Sai dai ba zai kira ka ya ce muryarka ta nutse, ka koma a gyara miksin ba. Mutum mai kunne ne ke faɗar wannan.

To mu nan akwai wani abu. Yawancin masu jin waƙarmu ta Xender, WhatsApp da memori suke samun ta, a ji ta a waya ko a adaidaita sahu, kuma a nan babu mai daidaita ƙara. Shi ya sa ba na ganin laifin wanda ya nemi kwafi biyu, ɗaya na Spotify da YouTube, ɗaya mai ɗan ƙarfi na tura wa jama'a. Sifikar waya kuwa, ni da nake buɗe ta kullum na san ba ta kai girman farcen babban yatsa ba, ba ta iya fitar da bes mai zurfi. Mai mastarin ɗin da bai taɓa gwada aikinsa a waya ba, ban yarda da shi ba.

Kafin ka biya, ka nemi ya yi maka gwajin rabin minti. Ka sa nasa da naka na asali, ka rage nasa har ƙararsu ta zo ɗaya, sannan ka yi hukunci, don kunne yana ruɗuwa, duk abin da ya fi ƙara sai ya ɗauka ya fi daɗi. Ka tambaye shi gyara nawa ke cikin kuɗin. Ka ba shi WAV, kada ka ba shi MP3, kuma a cire limita daga miksin ɗin ya samu wurin aiki.

Yaron nan dai ban karɓi ko sisinsa ba. Da na tambaye shi ina WAV ɗin waƙar, sai ya ce MP3 kaɗai aka turo masa. Na ce ya koma sitidiyon da filas ya karɓo asalin fayil ɗin tun ba a goge shi ba.