Kwali, kaset da ɗan kasuwa: wa ya tsara siffar fim ɗin bidiyo na Hausa?

Muhawarar da aka daɗe ana tafkawa a kan finafinan Hausa ta fi karkata ga tarbiyya: ko rawa da waƙa sun dace da al'ada, ko kwaikwayon Indiya ya wuce gona da iri. Hujjar wannan maƙala ita ce an tsallake tambayar da ta fi cancanta a fara da ita, wato wa ya zuba kuɗin fim ɗin, kuma ta wace hanya ya isa ɗakin mai kallo.

Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya ba da umarninsa a 1976, fim ne na majigi da gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyinsa. Bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, sayen faifan majigi da wanke shi a ƙasar waje ya fi ƙarfin mai zaman kansa. Kyamarar bidiyo ce ta buɗe ƙofa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, shekara biyu kafin Living in Bondage da ake ƙirga mafarin Nollywood da shi. Ba banki, ba tallafin hukuma, ba makarantar koyon fim. 'Yan wasan daɓe ne da na talabijin suka yi karo-karo.

Sai dai wannan cin gashin kai yana da iyaka, kuma iyakarsa kasuwar Ƙofar Wambai ce ta Kano. Kamar yadda Brian Larkin ya nuna a littafinsa Signal and Noise na 2008, 'yan kasuwar kaset na Kano sun riga sun mallaki injinan gurzawa da dillalai a garuruwa tun suna kwafar finafinan Indiya da na Amurka. Fim ɗin Hausa a kan wannan hanya ya hau. A lokacin, furodusa zai miƙa wa ɗan kasuwa uwar kaset, ya buga kwali, ya sayar masa da kwalin. Ɗan kasuwa ne ke da kaset ɗin da babu komai a kai, shi ke gurzawa, shi ke rarrabawa. Abin da furodusa ke sayarwa ke nan takarda ce mai hoto, kuma yawan kwalin da ya shiga shi ne ribarsa.

Daga wannan tsari za a iya fahimtar abubuwa da dama da masu suka ke ɗora wa rashin basira. In kwali ne hajar, dole fuskar da ke kansa ta zama sananniya, shi ya sa 'yan wasa ƙalilan suka riƙa maimaituwa a fim bayan fim. Raba labari gida biyu ko uku, a yanke shi daidai inda hankali ya tashi, dabara ce ta sayar da kwali sau biyu da kuɗin ɗauka ɗaya. Gaggawar kammala aiki kuwa, jarin ne ba ya jure jira.

Batun waƙa ya fi waɗannan sarƙaƙiya. Ba a musun tasirin Indiya. Tun shekarun 1950 gidajen sinima na Lebanawa suka fara nuna finafinanta a Arewa, kuma masani Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin wannan aro dalla-dalla. Amma tasirin ya bayyana abin da mai kallo ke so ne kawai, bai bayyana dalilin da ya sa furodusan da ba ya ra'ayin waƙa shi ma ya sa ta ba. Waƙa ita ce talla mafi araha. Da fiyanon Yamaha guda da mawaƙa biyu an gama ta, ta riga fim ɗin shiga gari a kaset ɗin sauraro, a shagon mai shayi da gidan biki. Da fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya ya yi kasuwa ta dalilin waƙoƙinsa, ɗan kasuwa ya samu ma'auni, kuma wanda ya zo masa da fim ba waƙa ya san tambayar da za a fara yi masa.

Akwai kuma mai kallon da sinima ba ta taɓa samu ba. A wancan zamani, matar aure da ke kulle ba ta zuwa sinimar Plaza ko El Dorado, wuraren da ake wa kallon matattarar 'yan iska, amma kaset yana shiga har tsakar gida. Yawaitar labaran kishiya da auren dole, waɗanda littattafan soyayya na Kano suka riga suka share wa fage, amsa ce ga wannan kasuwa. A ganina nan ne ma tushen damuwar hukuma, wadda ta kai ga kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001: fim ya ƙetare zaure.

Tsarin kwali ya rushe lokacin da kwafi ya daina buƙatar inji. Faifan CD ya sauƙaƙa satar fasaha, masu tura fim a waya suka ƙarasa shi. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 da kuma YouTube suka karɓi ragamar, sai ga finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So, inda kuɗin ke zuwa daga talla da yawan masu kallo duk mako. Waƙa ta ragu sosai a cikinsu, ba tare da wata sabuwar doka ta tilasta hakan ba.