Inuwa Kafin Zuwan Mai Ita: Yadda Kiristoci Suka Fahimci Dokokin Ibada na Attaura

Duk wanda ya buɗe Littafin Firistoci, na uku cikin littattafai biyar na Attaura, zai tarar da dokoki daki-daki game da ibadar Bani Isra'ila: irin dabbar da za a yanka, inda za a yayyafa jininta, tufafin da firist zai sa, da naman da ya halatta da wanda ya haramta. Kiristoci sun ɗauki wannan littafi a matsayin maganar Allah, suna kuma karanta shi a majami'unsu. Duk da haka ba sa yanka hadaya, kuma mafi yawansu ba su ɗauki kaciya ko ƙin cin naman alade farilla ba. Dalilin da suka bayar ya tattaru cikin kalma ɗaya, wato inuwa, kuma kalmar tana da dogon tarihi.

Almajiran Yesu Almasihu na farko Yahudawa ne. Suna zuwa Haikali a Urushalima, suna kiyaye Asabar, suna yi wa 'ya'yansu maza kaciya a rana ta takwas. Matsala ta kunno kai ne sa'ad da waɗanda ba Yahudawa ba suka fara karɓar bishara, musamman a birnin Antakiya. Wasu suka ce dole sai an yi musu kaciya sun bi Shari'ar Musa, Bulus da Barnaba kuwa suka ƙi. Wajen shekara ta 49 miladiyya aka yi taro a Urushalima, kamar yadda sura ta 15 ta Ayyukan Manzanni ta ba da labari. Bayan jawabin Bitrus da na Yakubu, aka yanke shawara kada a ɗora musu wannan nauyi, sai dai su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da naman dabbar da aka maƙure, da fasikanci.

Wannan hukunci ya kashe wutar rikicin ranar, amma ya bar tambaya mai wuya. In Allah ne ya ba da waɗannan dokoki, me ya sa za a daina aiki da su? Wasiƙa zuwa ga Kolosiyawa da wadda aka rubuta wa Ibraniyawa duk sun kira su inuwar abin da ke tafe. Misalinsa shi ne mutumin da ke zuwa rana na bayansa: inuwarsa kan riga shi isa bakin zaure, mai gida ya gan ta ya san baƙo na nan tafe, ya ma iya gane tsayinsa da siffarsa. Inuwar ba ƙarya ba ce, amma da baƙon ya yi sallama ya shigo, shi ake tara, ba inuwarsa ba.

Bukukuwa biyu ne suka fi fito da wannan fahimta fili. Na farko Idin Ƙetarewa, wanda ke tuna daren fitar Bani Isra'ila daga Masar. A sura ta 12 ta Littafin Fitowa an umarci kowane gida ya yanka ɗan rago marar aibi, a shafa jininsa a dogaran ƙofa, kada kuma a karya ƙashinsa ko ɗaya. Kiristoci sun lura cewa a lokacin wannan idi ne aka gicciye Yesu, bisa ga labarin Linjila, kuma Yahaya ya ambata cewa sojoji ba su karya ƙafafunsa ba. Shi ya sa suke kiransa Ɗan Rago na Allah.

Na biyu shi ne Ranar Kafara, wadda Yahudawa ke kira Yom Kippur. Sau ɗaya tak a shekara babban firist yake shiga bayan labule, cikin Wuri Mafi Tsarki, ɗauke da jinin hadaya. Akan kawo bunsuru biyu, a yanka ɗaya, ɗayan kuma firist ya ɗora hannuwansa a kansa ya furta laifofin jama'a, sannan a kore shi cikin jeji. Marubucin Ibraniyawa ya kafa hujja da maimaitawar kanta: da jinin dabba yana kawar da zunubi ƙwarai, da ba a sake yin hadayar kowace shekara ba. A ganinsa Almasihu shi ne firist, shi ne kuma hadayar, wadda aka miƙa sau ɗaya ta wadatar. Matiyu da Markus da Luka duk sun ce labulen Haikali ya tsage a lokacin mutuwarsa, abin da Kiristoci suka fassara da cewa hanya ta buɗe wa kowa.

A shekara ta 70 rundunar Romawa ƙarƙashin Titus ta rushe Haikali, yankan hadaya ya tsaya. Sai barazana ta ɓullo ta wani gefen. Wani malami mai suna Markiyon ya koyar a Roma cewa Allahn Tsohon Alkawari dabam yake da na Linjila, don haka a yi watsi da littattafan Yahudawa gaba ɗaya. Ikilisiya ta kore shi wajen shekara ta 144. Koyarwar inuwa ce ta ba ta damar tsayawa tsakiya, ta riƙe littafin ba tare da ta riƙe yanka da kaciya ba. Melito, bishof na Sardis a ƙarni na biyu, ya kwatanta dokokin da samfurin da magini kan yi da laka ko itace kafin ya fara gini, wanda ke da daraja har ranar da ginin ya tsaya. Agustin na Hippo, wanda ya rasu a 430, ya kwatanta su da mamaci da ya cancanci a raka shi kabari cikin girmamawa, ya ce shi ya sa manzanni ba su yar da su farat ɗaya ba.

Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya tsara batun yadda ake koyar da shi har yau. Ya kasa Shari'ar Musa kashi uku: dokokin ɗabi'a kamar Dokoki Goma, waɗanda ba sa tsufa; dokokin mulki da shari'a, waɗanda suka shafi Isra'ila a matsayin ƙasa; da dokokin ibada, waɗanda suka cika aikinsu da zuwan Almasihu. Furotestan sun gaji wannan rabo, kuma yana cikin Shaidar Bangaskiya ta Westminster ta 1646.

Sai dai masu Attaura ba su taɓa yarda cewa shari'arsu inuwar wani abu ba ce. A wurin malaman Yahudawa umarni 613 na Attaura alkawari ne madawwami, kuma bayan rushewar Haikali sun koyar cewa addu'a da tuba da sadaka sun tsaya a madadin hadaya. A tsawon ƙarnuka wasu Kiristoci sun mai da maganar inuwa hujjar raina Yahudawa da tsananta musu, suna cewa zamaninsu ya wuce. Cocin Katolika ta yi tir da wannan hali a sanarwarta ta Nostra Aetate a 1965.

Ko a tsakanin Kiristoci ba a shata iyakar dokokin ibada wuri ɗaya ba. Cocin Orthodox ta Habasha, wadda ta kafu tun ƙarni na huɗu, har yanzu mabiyanta suna yin kaciya, suna ƙin naman alade, suna girmama Asabar tare da Lahadi. Abin da kusan dukansu suka haɗu a kai shi ne hadayar jini ta ƙare, kuma suna karanta Littafin Firistoci ne suna neman siffar Almasihu a cikinsa.