Zari-ruga: kofin duniya yana Afirka, 'yan kallon Haɗejiya suna Firimiya

Zari-ruga wasa ne na mutum 15 a kowane ɓangare, na tsawon minti 80, da ƙwallo mai siffar ƙwai. Ana rungumarta a ruga da ita, kuma doka ta hana jefa ta gaba da hannu.

Afirka ta Kudu ce ta lashe kofin duniya na 2023 a Faransa, bayan ta doke New Zealand da maki 12 da 11. Karo na huɗu ke nan, bayan 1995 da 2007 da 2019, adadin da babu ƙasar da ta kai. Najeriya kuwa ba ta taɓa halartar gasar ba, alhali Maro Itoje, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya zama kyaftin ɗin Ingila a 2025.

A gidajen kallon ƙwallo na Haɗejiya, Firimiyar Ingila ce ke cika benci. Sai dai ƙasar da ta san kokawa ba ta buƙatar tafinta kafin ta gane cafke ƙugu da kayar da abokin karawa, waɗanda su ne gishirin wasan. Matashin da ke sha'awarsa, ƙungiyar Barewa ta Kano zai nufa.