Daga Gorar Argungu zuwa Tukunyar Iska: Tarihin Kayan Nutso

A watan Satumba na 2024 wani kwale-kwale ɗauke da manoma ya kife a kogi kusa da Gummi, a jihar Zamfara, rahotanni suka ce kimanin mutum 40 ne suka salwanta. Kamar yadda aka saba a irin wannan musiba, gwanayen ruwa na gari aka kira. Jarinsu bai wuce numfashin da suka cika ƙirji da shi ba, wanda ba ya kai mai aiki a ƙarƙashin ruwa fiye da minti ɗaya ko biyu. Tarihin kayan nutso na zamani tarihi ne na tsawaita wannan ɗan lokaci, kuma abubuwan da masu talla ke kira kayan jin daɗi su ne suka tsawaita shi.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar ruwa ba ce. Sarkawa sun daɗe suna sana'arsu a gulaben Kabi, kuma bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, har yau yana da gasar nutso cikin wasannin Kabanci. Duk wanda ya ga masunta a Matan Faɗa ya ga gorar da suke kifa ciki a kanta, homa a hannu. Gorar tana ɗauke nauyin mutum, ta bar masa hannuwa su yi aiki. Sai dai amfaninta a saman ruwa yake ƙarewa. Ba ta nutsewa, balle ta ba da iska.

Matsalar iskar ta fi yadda ake zato wuya. Duk mita 10 da mutum ya gangara, ruwa yana ƙara danna ƙirjinsa da kwatankwacin nauyin iskar sararin samaniya guda, don haka dogon bututu daga sama ba ya wadatarwa: huhu ba shi da ƙarfin jawo iska ta cikinsa. Dole iskar ta zo da matsi daidai da na ruwan da ke kewaye da shi. Faransawa biyu, Rouquayrol da Denayrouze, sun ƙera na'urar da ke yin haka tun wajajen 1864, amma tukunyarsu ba ta riƙe iska mai yawa, mai nutso ya ci gaba da zama ɗaure da tiyo.

Maganin ya fito ne daga inda ba a zata ba. A Yaƙin Duniya na Biyu man fetur ya yi ƙaranci a Faransa, sai injiniya Émile Gagnan ya ƙera wani bawul da zai bai wa motoci damar aiki da iskar gas. Jami'in sojan ruwa Jacques Cousteau ya ga cewa bawul ɗin zai iya shayar da mutum iska daidai lokacin da ya ja numfashi. Gwajin farko, a farkon 1943, a kogin Marne aka yi shi, kuma bai yi kyau ba. In Cousteau ya miƙe tsaye iska ta yi ta kwarara a banza, in ya juya kai ƙasa numfashi ya gagara. Gyaran kuwa ɗan ƙarami ne: suka matso da mafitar iskar da aka fesar kusa da fatar da ke buɗe bawul ɗin, don su zauna a zurfi ɗaya. Da rani ya kama, Aqua-Lung ta yi aiki a tekun Bahar Rum. Tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba ce ta raba na'urar da ke wahalar da mutum da wadda ta canza sana'a.

Bayan iska sai sanyi, domin ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska kusan sau 25, kuma hannun da ya sandare ba ya ɗaure igiya. A 1952 masanin kimiyya Hugh Bradner na Jami'ar Kalifoniya ya fito da rigar roba mai ƙananan kumfa a cikinta, wadda ke riƙe ɗumi ko da ruwa ya shiga. A 1961 Maurice Fenzy ya kawo wata riga ta wuya da ake hura wa iska ko a sace ta, mutum ya tsaya cak a zurfin da yake so. Wannan ita ce gorar da aka koya wa nutsewa.

Najeriya ta ga ƙimar irin waɗannan kaya a watan Mayu na 2013, lokacin da jirgin Jascon-4 ya nutse a tekun yankin Neja Delta. Mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, ya yi kusan awa 60 a wani lungu da iska ta maƙale, a zurfin kimanin mita 30, kafin masu nutso su same shi da rai. Ba su iya fito da shi kai tsaye ba, don iskar naitirojin da ta cika jininsa za ta yi kumfa ta hallaka shi. Sai da ya ƙara kwanaki a ɗakin rage matsi.

Abin lura shi ne masu nutson nan ma'aikatan harkar mai ne, kuma a ganina kayan sun tsaya ne inda mai ya tsaya. Ba na cewa a kwaso duk abin da ake sayar wa masu yawon buɗe ido. Gulbin Sakkwato, da ya ratsa Gusau da Bunguɗu ya zuba a madatsar Bakolori, jawur yake da damina, tabarau mafi tsada ba zai nuna wa mutum tafin hannunsa ba. A irin wannan ruwa da lalube ake aiki. Abin da zai amfani Sarkin Ruwa da yaransa shi ne tukunyar iska, da rigar ɗumi, da igiyar da wani ke riƙe da ita a gaɓa, da injin cika tukunyar a kusa, da horon da zai hana mutum riƙe numfashi yayin tasowa, domin iskar da aka shaƙa a mita 10 tana ninka girmanta sau biyu kafin a iso sama.