Mazaunin dattawa: ɗaki na kansu, tsakar gida ta kowa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Mazaunin dattawa mai zaman kansa tsari ne da tsoho ko tsohuwa ke samun ɗaki ko sashe nasa shi kaɗai, da ƙofarsa da makullinsa, amma yana tarayya da wasu a tsakar gida da rumfa da madafa da wurin salla. Ya bambanta da gidan gajiyayyu, inda ma'aikata ke yanke lokacin ci da na kwanciya. A nan dattijo shi ke da ikon kansa, taimako kuwa yana kusa idan ya buƙata. An yi tsarin ne don wanda ƙarfinsa ya ragu amma bai kai ga kwanciya ba.

Yadda yake a gidajenmu

Mutanen Kolofata da Mora da Marwa da Garwa sun san wannan zama tun kafin a ba shi suna. Babban gida, wanda Fulani ke kira sare, Barebari kuma fato, a kan haka aka gina shi. Maigida idan ya manyanta yana nan a turakarsa, yini kuwa a zaure yake yinsa, inda baƙi da maƙwabta ke iske shi. Tsohuwa tana da ɗakinta da randarta da 'yar tukunyarta. Surukai na kai mata tuwo daga babbar tukunya, amma ranar da ta ga dama sai ta dama kununta da kanta. Sau da yawa akan ba ta jika ya riƙa kwana wurinta, yana ɗebo mata ruwa, ita kuma tana kula da tarbiyyarsa.

Amfanin wannan tsari biyu ne. Yana kare mutuncin tsoho, domin ba ya zama ɗan rakuɓe a ɗakin wani. Yana kuma hana kaɗaici, domin idan hantsi ya yi ba a ga ya buɗe ƙofa ba, za a leƙa.

Matsayin shari'a

Suratul Isra'i, aya ta 23 da 24, ta haɗa kyautata wa iyaye da kaɗaita Allah, ta kuma ambaci lokacin tsufansu musamman. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta yankinmu, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa ko 'ya mai hali, kuma malamai sun sanya mazauni cikin abin da ciyarwa ta ƙunsa.

Shari'a ta kuma kula da sirrin kowa. Suratun Nur, aya ta 58, ta koyar da neman izinin shiga ɗaki a lokuta uku ko ga mutanen gida ɗaya, aya ta 61 kuma ta halatta wa dangi su ci abinci tare ko kowa ya ci nasa. Matar aure ma tana da haƙƙin mazaunin da za ta sake a cikinsa. Saboda haka ware wa uwa sashenta kusa da ɗanta ba yar da ita ba ne. Sau da yawa ma shi ke kashe rigimar uwar miji da matar ɗa tun ba ta taso ba.

Abin da ya girgiza tsarin

Kolofata tana sashen Mayo-Sava, a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, dab da iyakar Najeriya. A ranar 27 ga Yuli 2014 mayaƙan Boko Haram suka afka wa garin, suka sace mutane har da matar mataimakin firaminista Amadu Ali, sannan a Janairun 2015 suka kai hari sansanin sojan garin. Daga nan ƙauyuka da dama na kan iyaka suka watse, mutanensu suka taru a Kolofata da Mora. Waɗanda suka tsallako daga Borno kuma aka kai su sansanin Minawawo da aka buɗe a 2013. Tsohon da ke da turaka da rumbu ya wayi gari a bukka guda da 'ya'ya da jikoki. Wata tsohuwar kuma 'ya'yan sun mutu ko sun ɓace, ba mai ɗebo mata ruwa.

A birni matsalar daban ce. Ma'aikaci a Garwa da ke haya a ciki da falo ba shi da inda zai sa mahaifiyarsa sai falon, ko ya bar ta ƙauye ita kaɗai. Fansho kuwa na waɗanda suka yi aikin gwamnati ko kamfani ne, yawancin manoma da makiyaya da 'yan kasuwa ba su da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu shekara 60 zuwa sama, da suka kai biliyan 1 a 2020, za su kai biliyan 2.1 a 2050, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi za su kasance.

Misalai daga wasu wurare

Musulmi sun daɗe da tanadar wa wanda ba shi da dangi mazauni ta hanyar waƙafi. Irin wannan gida ana kiransa ribaɗi. A Alƙahira, 'yar Sarki Baibars ta gina Ribaɗul Bagdadiyya a shekarar 684 bayan Hijira, wato 1285, domin zawarawa da matan da mazansu suka rasu. Har yau akwai ribaɗai a Makka da Madina da Jidda, inda tsofaffin mata ke zaune kowace da ɗakinta, suna tarayya a farfajiya.

A Turai kuwa, Denmak ce ta yi fice. An buɗe unguwar zaman tarayya ta farko a can a 1972, ta dattawa zalla kuma a 1987. A arewacin Landan, wasu mata masu shekara 50 zuwa sama sun tare a 2016 a wani gini mai sassa 25, da ɗakin taro da lambu, kuma su ke gudanar da shi da kansu.

Abin lura ga mai son ginawa

Ko iyali ne ke ware sashe a gida, ko kwamitin masallaci ne zai yi waƙafi, ga abubuwan da suka fi muhimmanci:

1. Ɗakin ya zama a ƙasa, ba matakala, dokin ƙofa kuma gajere.
2. Makewayi ya kasance kusa, da abin dafawa a bango da daɓen da ba ya santsi, domin faɗuwa wurin alwala na karya ƙugun tsoho.
3. A yi rumfa ko a dasa darbejiya, a kuma yi rufin da ke rage zafi. A Maris da Afrilu zafin yankin kan wuce digiri 40, kuma tsofaffi ne ya fi jigatawa.
4. A sa haske a hanyar makewayi saboda masu yanar ido.
5. A ware ɓangaren maza da na mata, wurin kuma ya kasance kusa da masallaci da asibiti da kasuwa.
6. A rubuta takardar waƙafi a gaban shaidu, a sami takardar mallakar fili, a kuma haɗa shi da shago ko gona da za ta riƙa biyan gyara.
7. A shawarci dattawan kansu kan dokokin zama da wanda za a karɓa.

Gidan waƙafi na wanda ba shi da kowa ne, ko wanda rikici ya raba da danginsa. Bai sauke wa mai iyaye a raye wajibin ciyarwa da ziyara da jinya ba. Idan tsoho ya kai ga kwanciya ko ruɗewa, zaman kansa ya ƙare, sai a matso da shi kusa da mai jinya.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya ba mu ikon kyautata musu, Ya sa tsufanmu ya zo cikin sutura. Allah ne Mafi sani.