Gustav Leonhardt (1928–2012)

Gustav Leonhardt makaɗi ne kuma malamin kiɗa ɗan ƙasar Holan, wanda ya shafe sama da shekara sittin yana hidima wa kiɗan Turai na ƙarni na 17 da na 18. Manyan kayan kiɗansa biyu ne: ogan, wato babban abin kiɗan coci mai bututu da iska ke bi ta cikinsu, da hafsikod, wanda ya girmi fiyano, kuma ɗan tsinke ne ke kaɗa tsirkiyarsa idan an danna.

An haife shi ranar 30 ga Mayu, 1928, a garin 's-Graveland. Daga 1947 zuwa 1950 ya yi karatu a makarantar Schola Cantorum da ke Basel a Suwizalan, a hannun Eduard Müller. Ya koyar a Biyana daga 1952 zuwa 1955, amma a kwalejin kiɗa ta Amsterdam ya kafa gindinsa tun 1954. A birnin ne kuma ya zama makaɗin ogan na cocin Waalse Kerk, daga baya ya koma cocin Nieuwe Kerk.

Lokacin da ya taso, da kayan zamani da taron makaɗa masu yawa ake kaɗa ayyukan Bach, shahararren mai tsara kiɗa na dā. Leonhardt bai yarda da haka ba. Ya koma ga tsofaffin kayan kiɗa da littattafan da makaɗan dā suka bari, yana neman yadda su da kansu suke taɓawa. Aikin ba ƙarami ba ne, domin ogan ba ya ƙara sauti don an danna shi da ƙarfi, hafsikod ma kusan haka yake. Sai ya zama makaɗi ba shi da abin da zai nuna nauyin kiɗa sai lokaci: ya ja wannan sauti kaɗan, ya gajarta wancan, ya bar ɗan shiru a tsakani. A nan gwanintar Leonhardt take.

A 1968 ya fito a matsayin Bach a fim ɗin Jean-Marie Straub da Danièle Huillet. Daga 1971 shi da makaɗi Nikolaus Harnoncourt suka ɗauki kusan shekara ashirin suna naɗar waƙoƙin coci na Bach, kusan 200, da kayan kiɗan zamanin Bach. An ba su kyautar Erasmus tare a 1980.

Cikin ɗalibansa akwai Ton Koopman, Bob van Asperen, Alan Curtis da Pierre Hantaï, waɗanda su ma suka yaye nasu ɗaliban. Makaɗan hafsikod da yawa a yau silsilar malamansu ta taɓo shi.

Ya yi wasansa na ƙarshe a birnin Faris ranar 12 ga Disamba, 2011, rashin lafiya ta riga ta kama shi. Ya mutu a Amsterdam ranar 16 ga Janairu, 2012, yana da shekara 83.